Bazarar Da Na Sa Aka Fasa Tafkin Naraguta

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Afrilu ya raba tsakiya, kullum da la'asar hadari sai ya haɗu ta wajen duwatsu, ya yi baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya a guje, sannan iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da zufa. Ranar Talata ina zaure ina fifita da murfin kwali, sai ga jikata Nafisa ta dawo daga jami'a, inda take karatun lauya. Ta shigo tana mitar ta kusa awa guda tsaye a Kwarin Ciyaman kafin ta sami keke.

"Kaka, ga tambayar da malaminmu ya ba mu," in ji ta, ta zauna bakin tabarma. "Shugaban wata ƙasa ya tura jiragen yaƙi sun kai hari, bai tambayi majalisarsa ba. Wai doka ta ba shi wannan iko ko ba ta ba shi ba? Kai da ba ka rabuwa da rediyo, me ka gani?"

Na ce, "Amarya, ni da ko sakandare ban leƙa ba za ki kawo wa shari'a? Je ki kawo mini ruwan randa tukuna."

Ta tashi tana dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, don tambayar da zafin sun haɗu sun mayar da ni wata bazara da na fi shekara arba'in ina kauce wa tunawa da ita.

Shekarar da soja za su miƙa mulki ga farar hula ce, alif ɗari tara da saba'in da tara. Ina da shekara talatin da uku, ina zaune a Laranto cikin garin Jos da maiɗakina Hajara da yara uku, kullum da asuba in hau keke zuwa Naraguta, inda nake noman lambu. Mu gida goma sha huɗu ne muke shan tafki ɗaya. Tafkin ba na asali ba ne. Turawan haƙar kuza ne suka bar ramin bayan sun kwashe abin da suke nema, ruwan sama ya cika shi. Ta gefen gangare akwai wata ganuwa da ta tare ruwan, tsawonta ya fi na mutum biyu, ciyawa ta lulluɓe ta har awaki na kiwo a kai. Duk wanda ya gan ta zai rantse tudu ne tun fil azal.

Gida shida suna sama, a bakin tafkin, suna ɗiban ruwa da jigo da gwangwani. Mu gida takwas muna ƙasa, bayan ganuwar, ruwa yana zuwa mana ta wata 'yar ƙofa da ke kusurwa, ya biyo lambatu ya shiga fangali-fangali. Tumatir muke yi da kabeji da karas da latas, manyan motoci su zo su kwasa zuwa kudu. Muna da ƙungiya, muna da taro kowace Juma'a bayan la'asar a gindin mangwaro, muna kuma da doka ɗaya da dattawa suka kafa tun ina yaro: toshewa ta kowa ce, fasawa sai taro. Wato duk wanda ya ga haɗari yana iya toshe ruwa nan take, ko shi kaɗai ne, amma ba mai buɗe sabuwar hanya a jikin ganuwa sai an zauna. Ni a lokacin ɗaukarta nake irin maganganun tsofaffi da ake maimaitawa don daɗin baki.

A shekarar aka naɗa ni ciyaman, don na yi firamare, ina iya ciniki da direbobi da Turanci. Wanda ya miƙa mini kujerar shi ne Baba Ɗanjuma, dattijo ɗan sama, tsohon leburan kuza. Ɗan siriri ne, ba ya son surutu, kansa yana da sanƙo a tsakiya inda kwanon sarki na dakon ƙasa ya cinye gashin. Shi ya koya mini dashen tumatir bayan rasuwar mahaifina. Ina girmama shi, amma gaskiya ina ganin yana da nawa. Kafin Baba ya gama "to, bari mu gani", ni na kai Laranto na dawo.

Bazarar ta zo da zafin da ba mu saba gani a Jos ba. Da hantsi duwatsu sun ɗauki zafi, in ka dafa sai ka janye hannu. Ganyen kabeji ya yi laushi kamar tsumma kafin azahar. Ruwan tafki yana ja da baya kullum, yana barin zobe-zobe na busasshiyar laka, masu jigo suna ƙara wa igiya tsawo. Mu na ƙasa kuwa, duk lokacin da ruwa ya sauka ƙasa da bakin ƙofa sai in sa a ƙara mata zurfi da fartanya. Sau uku na sa aka yi haka cikin wata guda, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Aka koma ban-ruwa bi da bi. Kowane gida awa biyu, ni ke riƙe da agogo. A gida Hajara ta rage hannu tun ba a ce mata ba. Da safe koko, da rana gwate, wato faten tsaki, da ganyen kabejin da masu saye suka ƙi, tuwo sai dare. Lissafinmu ɗaya ne, mu duka goma sha huɗun: ruwan da ya rage ya kai mu sati biyar, tumatir ya nuna, mu tsinka kafin damina ta faɗi ta lalata shi. Abincin shekararmu ke nan.

In na taso daga lambu nakan tsaya garejin Oga Emeka, kusa da tashar mota. Makaniki ne, mutumin kudu, ya dawo Jos bayan yaƙin basasa ya sake kafa sana'arsa daga sifana ɗaya. Yana da ɗan fili a sama inda matarsa ke shuka ganyen miyarsu, don haka shi ma ɗan ƙungiya ne. A garejinsa akwai rediyo, kuma a lokacin ba a zancen komai sai sabon tsarin mulki. Ran nan aka yi bayani cewa shugaban da za a zaɓa ba zai shelanta yaƙi ba sai majalisa ta amince. Na yi tsaki.

"Wannan ai ɗaure hannun mutum ne," na ce. "A ba ka shugabanci, maƙiyi yana bakin ƙofa, a ce sai ka tara mutum ɗari sun yi ta surutu? Kafin su gama gyara babbar riga an cinye gari."

Oga Emeka ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu. Hausarsa irin ta 'yan Jos ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Ciyaman, kai ba ka ga yaƙi ba. Ni na gani. Uwata ya haifi maza huɗu, ni kaɗai ya rage. Ba da oda ba wuya, oga, minti ɗaya ne. Amma ka taɓa ganin wanda ya kira harsashi ya dawo?"

"Ai shi ya sa ake zaɓen mai hankali."

"Mai hankali ma yana fushi," in ji shi, ya koma ƙarƙashin motarsa.

Na hau kekena ina cewa a raina tsoro ne ya yi masa yawa.

Wata Talata ban je lambu da yamma ba, na tafi Abattoir, unguwar mayanka, neman takin shanu, sai magariba na shigo gida. Hajara ta ce, "Malam, Baba Ɗanjuma ya zo har nan da ƙafa, ya jira ka ya gaji. Ya ce in gaya maka ya toshe ƙofar ruwa, kada a taɓa komai, zai yi bayani a taro."

"Ya toshe? Taro ai sai Juma'a!"

"Haka dai ya ce. Tsohon nan ba ya tako rana haka a banza. Ka neme shi ka ji."

"Ke dai kawo abinci," na ce mata.

Da gari ya waye na isa Naraguta rana ba ta gama fitowa ba. Lambatunmu ya bushe ƙayau. Na hau ganuwa na duba ƙofar, na tarar an danƙare ta da duwatsu da yumɓu, an kafa tsohon faifan kwano an dake, aikin da ba zai ɓanɓaru cikin yini ɗaya ba. Can gefen mutanen sama kuwa, kusa da filin Oga Emeka, ga wani dogon tiyo baƙi a naɗe, irin na motar mai. Ban taɓa ganinsa a wurin ba. Nan take zuciyata ta haɗa mini labari tsaf: na sama sun ga ruwa zai ƙare, sun toshe mu, sun kawo tiyo za su shanye shi su kaɗai. Na tambayi Baba, aka ce sun shiga gari da Oga Emeka tun asuba. Na ce to, ga shi nan, har sun gudu.

Mutanen ƙasa suka taru a kaina. Tumatir ya fara ɗaure 'ya'ya, kwana uku ba ruwa a wannan zafin furen zai zube. Wani ya ce a aika a kira kowa a yi taro yau, ba sai Juma'a ba. Shawara ce mai kyau, kuma da keke biyu za a iya tara mutane kafin azahar. Amma ni raina ya riga ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba, akwai daɗi a ce ga mutane tsaye suna jiran abin da zai fito daga bakinka.

"Taron me?" na ce. "Su da suka toshe sun yi taro? Ni ne ciyaman. Halin gaggawa ne, na ba da izini. A kawo diga."

Na zaɓi tsakiyar ganuwar, daidai saitin lambunanmu, don ruwa ya sauko kai tsaye. Majiya ƙarfi shida suka hau da diga da shebur. Niyyata 'yar hanya ce mai faɗin taku ɗaya, mu sha awa biyu mu rufe, na sama su san ba a yi mana haka. Da farko digar tana cin jan yumɓu mai tauri. Da aka yi zurfin kamu guda sai ƙasar ta canza, ta koma farin yashi mai laushi, shebur yana shiga kamar cikin gari. Har murna muka yi, wai aiki ya zo da sauƙi.

Ruwa ya fara bi siriri, muka yi kabbara. Ban gama gyara hulata ba na ga gefen hanyar yana zubewa da kansa. Taku ɗaya ya zama uku. Muka jefa duwatsu, ruwa ya tafi da su. Muka jefa faifan kwano, ya naɗe shi. Sai na ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafata, na yi ihu kowa ya sauka. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Ƙarar da ganuwar ta yi lokacin da ta buɗe, har yau in babbar mota ta juye yashi kusa da ni sai gabana ya faɗi.

Kafin azahar an gama. Ruwan sati biyar ya wuce cikin awa uku. Ya bi ta kan lambunanmu na ƙasa ya shimfiɗa musu yashi har gwiwa, ya yanka kwari ya tafi rafi. Tafkin ya zama kwano na baƙar laka, 'yan tarwaɗa suna birgima a ciki, jigunan mutanen sama sun yi cirko-cirko a kan babu. Wurin ya yi tsit, sai warin laka.

Muna nan tsaye sai ga akori-kurar Oga Emeka. Bayanta cike da buhunan siminti marasa komai, an ɗaure su dami-dami. Baba Ɗanjuma ya sauko a hankali. Ya daɗe yana kallon inda ganuwa take a da. Na shirya wa zagi, har na fi son ya zage ni.

"Isyaku," ya ce, ko ciyaman bai ce ba. "Da diga?"

"Baba, na ga kun toshe, na ga tiyo…"

"Ƙofar ce ke cin ganuwa ta ƙasa. Zurfin da aka yi ta ƙara mata ya huda yumɓun, jiya na ga ruwa mai yashi yana tsattsafowa ta baya. Tiyon naku ne. Za a ɗora shi ta kan ganuwa ya riƙa zuƙo muku ruwa ba tare da an taɓa ƙasa ba. Buhunan nan na ƙarfafa kusurwar ne." Ya numfasa. "Abin da na yi, da hannu ake warware shi. Naka fa?"

Oga Emeka ya sauko daga mota. Ya dube ni sau ɗaya, ya je ya naɗe tiyonsa ya jefa a mota. Da ya tuna mini maganarmu ta gareji da na sami abin yin fushi, amma bai ba ni wannan sauƙin ba.

Ranar Juma'a aka zauna a gindin mangwaro. Ban jira an tsige ni ba, na ajiye agogon rabon ruwa a kan tabarma na koma baya. Ba wanda ya ɗauka, don ba sauran abin da za a raba.

Sai wahala ta kankama. Mu na ƙasa muka yi kwanaki muna tone yashi da hannu muna neman abin da ya tsira, ba mu haɗa kwando biyu ba. Na sama shukarsu tana tsaye lafiya, sai dai ba ruwa, kuma wannan ya fi ciwo, don a gaban idonsu ta mutu. Muka yi gayya, maza da mata, muna ɗauko ruwa a garwa daga rafi, tafiyar kusan mil guda a hawa. Ni na fi kowa ɗauka, kafaɗata ta saɓule, amma garwa nawa za ta shayar da gida shida? Ka zuba, ƙasa ta yi cuu ta shanye, ka juyo ka tarar kamar ba a yi ba. Tumatirin Baba, wanda ya fi na kowa kyau a shekarar, furensa ya zube, ganyen ya naɗe, a rana ta goma ya ce a bari haka, kada a kashe mutane a kan gawa.

A gida tuwo ya koma na kwana bibbiyu. Gwaten ya tsinke har kana ganin gindin kwano. Hajara ta sayar da tunkiyarta, ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba, sai dai in ta zuba wa yara ta ce ita ta ci a wurin suya, ni kuma na san ƙarya take. Abin da ya fi yunwa ci mini rai shi ne gaisuwa. Mutanen da na jefa cikin wannan hali su gan ni a masallaci su ce, "Ciyaman, ina gajiya?" Wallahi da mari ne da ya fi mini sauƙi.

Ruwan farko ya sauko bayan sati biyar cif, da ƙanƙara, kamar yadda lissafinmu ya nuna tun farko. Na tsaya a bakin tafki ina jiƙewa, ina kallon ruwa yana shiga ta sama yana fita ta ɓarakar da na yi, yana ƙara wa kwarin faɗi. Gyaran ganuwar ya fi ƙarfin gida goma sha huɗu. Ƙungiya ta watse a hankali, wasu suka koma dako a kasuwar Laranto, ni na shiga sayar da kayan gwari na wasu. Baba Ɗanjuma, da shekarunsa kusan saba'in, ya kama gadi a wani shagon fatu a Abattoir.

Sai da damina ta yi nisa na iya zuwa wurinsa. Na same shi a kan benci cikin warin fata da ƙudaje, yana shan shayi a gwangwanin madara. Na durƙusa na nemi gafara, ya ce ya yafe tun a ranar, Allah ya riga ya rubuta. Da na tashi tafiya sai na kasa haƙuri.

"Baba, da na kira taron, me za ka ce?"

"Me zan ce? Zan ce ganuwar nan yashin wankin kuza ce, yumɓun kamu ɗaya ne kawai a bayanta. Mu muka ɗora shi da kwanon sarki, ina saurayi, hedman yana tsaye kanmu da bulala." Ya shafa sanƙonsa. "Shi ke nan maganar. Ko shayin nan ba zai huce ba na gama."

Shekara biyu bayan haka ya rasu, a bakin aikin gadin. Bai sake dasa ko tushe ɗaya ba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma ban taɓa ɗaukar abu mara nauyi da ya yi mini nauyi haka ba.

Yanzu wurin duk gidaje ne, ɗakunan haya na ɗalibai da shagunan caji. Ba jigo, ba mangwaro, masu lambun da suka rage can nesa kowa da injinsa da rijiyarsa, ba mai jiran wani. Kwarin ne kawai ya ƙi cikewa, an yi masa 'yar gada.

Nafisa ta dawo da ruwan, ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Angona, ko tambayar ta fi ƙarfinka ne?" Sai na ba ta labarin, tun daga tafki har benci, abin da ko ubanta ban taɓa zaunar da shi na faɗa masa ba. Na ce mata ni ban san dokar waccan ƙasar ba, wannan aikinsu ne na lauyoyi. Abin da na sani, a cikin mutanen da ban tsaya na tambaya ba akwai wanda ya san da me aka gina ganuwar.

Ta daɗe tana juya kofin a hannunta. Can ta ɗago.

"Kaka, Kwarin Ciyaman da nake tsayawa kullum…"

"Ni ne," na ce. "Ba don girmamawa aka sa ba."